Juma'ar da Baba Tsoho Ya Ara wa Bebaye Baki

Kwanakin baya na bi ta tsohon layinmu na Al Ras, unguwar 'yan kasuwa a nan ƙasar Larabawa, na tsaya ina kallon benen da muka zauna. Tagar hawa na biyu an toshe ta da kwalaye, falon ya zama sito, ƙamshin citta da kanumfari ne ke saukowa ta matakala. Tun da annoba ta rufe hanyoyi Kawu ya tattara ya koma Kano, mutanen da ke taruwa a wurinsa kuma kowa ya kama gabansa. Shekarun ba su da yawa, amma idan na tuna sai in ji kamar zamanin wasu ne aka ba ni labari.

A lokacin ina farkon karatuna na jami'a, ina zaune a wurin Kawu, ƙanin mahaifiyata, wanda sana'arsa ita ce haɗa wa 'yan kasuwa kaya ya aika musu gida. Ban taɓa buƙatar agogo a gidan ba. Ƙarar salatef ana naɗe kwalaye ita ke tashe ni, sai masu turin baro suna ta yalla yalla a lungu, wato maza-maza da Larabci, sai tuk-tuk ɗin injin kwale-kwalen da ke ƙetarar da mutane a bakin ruwa. Ranar Juma'a duk wannan yakan lafa. Aikina shi ne in wanke shinkafa sau uku, in yanka albasa, in shimfiɗa leda a kan darduma, in jera kofunan shayi, Kawu kuma ya tsaya a kan miya da kansa, ba ya yarda kowa ya taɓa masa ludayi. Bayan an sauko daga masallaci sai a fara jin takalma a matakala. Mutum takwas, wani lokaci goma, a zauna a ci da hannu a faranti ɗaya, a yi ta gardama har la'asar. Yanzu ɗakin da nake mu biyu ne, dukkanmu Hausawa, amma sai mu yini kowa da wayarsa da abin ji a kunne, shi yana dariya ban san me ya gani ba, ni ma bai san me nake kallo ba.

A irin wannan zaman ne aka kawo kakana, mahaifin Kawu, don a cire masa yanar ido. Baba Tsoho muke ce masa. Likita ya ce ido ɗaya za a fara yi, sai ya warke a yi ɗayan, saboda haka ya zauna da mu makonni. Na bar masa gadona na koma katifa a ƙasa. Tun ranar da ya sauka ya raɗa min suna Akawu, don kullum yana ganina da littafi da biro, kuma bai bar ni na huta ba.

"Akawu, har yanzu ba a ba ka mata ba? Kar dai ka sa ido a kan tawa, na bar ta a gida da mai gadi."

Ni sai in yi murmushi in sunkuyar da kai.

"Ku duba min," yakan ce wa Kawu, "wannan jikan nawa an sayar min da shi babu batir."

Kowa ya san tsakanin jika da kaka wasa ne. 'Yan uwana a gida sukan ɓoye masa goro, su ce masa tsohon banza mai haƙori uku, shi kuma ya bi su da sanda yana jin daɗi. Ni a makarantar kwana na tashi, ban koyi wannan ba. Amsar takan zo min, amma sai bayan kwana biyu, ina cikin bas, lokacin da ba ta da amfani. Na ga yana so in rama, na ga kuma yadda yake ɗan jira bayan kowace tsokana kafin ya haƙura. Wannan jiran ya fi tsokanar damuna.

Da safe idan na ɗiga masa magani a ido yakan kwanta ya yi ta ba ni labarin ƙuruciyarsa. Yana saurayi ya yi aiki da motar majigi ta En'e, hukumar gargajiya ta lokacin. Su shiga ƙauye, a kafa sanda biyu a fili, a ɗaura farin ƙyalle, a tayar da inji, gari kaf ya fito. Fina-finan na noman auduga ne da allurar rigakafi, wasu da Turanci, wasu babu magana sam, shi kuma aikinsa ya riƙe lasifika ya yi musu baki da Hausa. Ya ce bai taɓa tsayawa yana fuskantar ƙyallen ba. A gefe yake tsayawa, rabin ganinsa a hoto, rabi a kan jama'a. In ya ga tsofaffi sun fara gyangyaɗi sai ya haɗa Turawan ciki faɗa a kan akuya. In ya ga yara sun tsorata da allura sai ya sa likitan ya yi santsi da baki har su yi dariya. "Hoton nan ba shi da harshe, Akawu," in ji shi. "Abin da na ce ya faɗa, shi ya faɗa. Kuma mutanen nan da ƙafa za su koma gida, ni ne zan zaɓi abin da za su ɗauka su tafi da shi."

Cikin masu zuwa Juma'a akwai Isuhu, mai gadin wani sito, wanda ke zaune a masaukin ma'aikata na Muhaisnah. Bas biyu yake shiga kafin ya iso. Mutumin ƙasar Yawuri ne, ɗan bakin kogi. Watanni kaɗan kafin zuwan Baba Tsoho, kwale-kwalen da ya ɗauko mata daga kasuwa ya kife a garinsu, matarsa na ciki, kuma ba a ga gawarta ba. Bai samu hutun zuwa gida ba, a falonmu aka karɓi gaisuwa, ni na yi ta zuba wa masu ta'aziyya ruwa. Daga nan ya daina magana sosai, ya daina zuwa ko'ina, sai dai duk Juma'a yana nan a kusurwarsa ta kusa da ƙofa. Baba Tsoho ya ɗauke shi kamar ɗa. Shi kaɗai ne ba ya tsokana, kuma yakan tura masa tsokar nama gabansa kamar bai lura ba.

A wannan zangon muna da wani darasi na tarihin fim. Malamar ta ba ni wani tsohon littafin soyayya na Turawa da fim ɗin da aka yi daga gare shi tun zamanin da fim ba ya magana, ta ce in gwada su in rubuta inda suka rabu. Fim ɗin fari da baƙi ne, mutane na motsa baki babu sauti, jifa-jifa sai baƙin allo ya fito da rubutu ya faɗi abin da aka ce. Labarin 'yar wani mai fito ne, da wani baƙo ɗan safiyo da ya zo auna inda za a gina gada. Suka so juna, daga baya ta gano yana da mata a garinsu, ran da kogi ya cika ta shiga kwale-kwalen ubanta ita kaɗai. Na kalle shi sau huɗu. Na kwafe kowane allo a littafina, na sa masa lamba da mintin da ya fito, na rubuta shafin da ya dace da shi a gefe.

Ranar Alhamis Baba Tsoho ya leƙo ta kafaɗata da idonsa ɗaya da ya warke.

"Waɗannan bebaye ne?"

"Tsohon fim ne, Baba Tsoho. Babu magana."

Ya daɗe yana kallo. Na ga leɓensa na motsi.

"Gobe ka sa mana shi a babban akwatin. Za ku ga aikin maza."

"In ba ka labarin?"

"Rufe min baki. Na sha yi wa fim magana ban taɓa ganinsa ba."

Na san yadda labarin ya ƙare. Na san Isuhu zai zo. Abubuwan nan biyu suna kaina a lokaci guda, ban haɗa su ba.

Bayan an ci abinci na jona kwamfutata da talabijin, aka ja labule. Baba Tsoho ya ƙi kujera. Ya tsaya a gefen akwatin, ɗaya idon har yanzu da yana, ya naɗe jarida ya riƙe a baki kamar lasifika, ya yi gyaran murya. Muryar da ta fito ban taɓa jin ta ba, sai ka ce an cire masa shekara hamsin.

"Jama'a, salamu alaikum. Wannan da kuke gani Sarkin Fito ne, ba shi da aiki sai kwasar mutane da faɗa a kan canji. Wannan kuma 'yarsa ce, Ladi, duk garin babu mai tuƙi kamarta. Ga wani nan ya sauko da akwati da hular kwano. Malam Safiyo ke nan. Ku dubi wandonsa, tela ya ci amanarsa."

Falon ya kaure da dariya. Ya yi muryar yarinya, ya yi muryar uban, har kare da ya gifta sai da ya ba shi abin faɗa. Tun kafin a je ko'ina ya sanar cewa Malam Safiyo ya riga ya aika da gaisuwar iyaye, don kowa ya kalla hankalinsa kwance. Da suka matso kusa da juna a ƙarƙashin bishiya sai ya ce, "To, ku rufe ido, ni dama ɗaya gare ni."

Wani Alhaji mai sayen atamfa, abokin Kawu, ya riƙe ciki. "Wallahi tsohon nan shirga mana yake yi. Baturen bai ce haka ba. Akawu, duba mana takardarka."

"Ƙyale Akawu," in ji Baba Tsoho. "Ba ya magana sai an buga masa hatimi."

Aka sake dariya, ni ma na yi, littafina a kan cinya. Har Isuhu na gani yana murmushi, abin da aka daɗe ba a gani ba.

Sai wasiƙa ta zo, Ladi ta karanta, fuskarta ta sauya. Sai hadari. Sai kogi ya cika ya fara cin gaɓa, yarinyar ta fito cikin ruwan sama ta nufi inda aka ɗaure kwale-kwale. Dariya ta ɗauke. Kawu ya miƙa hannu zai kashe akwatin, Baba Tsoho ya yi masa alama da tafin hannu ya bari. Daga baya na gane dalili: kashewa a daidai nan tamkar nuna Isuhu da yatsa ne. Tsohon ya ɗan juya, ya rage murya, ya ci gaba.

"Ladi ta ce, ni 'yar mai fito ce, a kan ruwan nan aka yaye ni. Ba zan kwana gari ɗaya da maƙaryaci ba. Gwaggona na ƙetare, wurinta za ni. Ku dubi yadda ta riƙe filafili. Wannan hannun ya san aikinsa."

Kwale-kwalen ya yi ta ƙanƙancewa har ruwan sama ya rufe shi. Baƙin allo ya fito. Baba Tsoho ya kara jaridarsa a baki kamar mai karantawa.

"An rubuta, ta isa ƙetare da hantsi, a jiƙe sharkaf. Gwaggonta ta hura mata wuta, ta dama mata fura."

Aka nuno Malam Safiyo a bakin ruwa yana tsintar mayafinta a cikin ciyawa.

"Ta yar masa da shi ne, ya san ta tafi ke nan. Ya je ya ƙarata da gadarsa. Jama'a, nan muka kawo ƙarshe, kowa ya duba takalminsa."

Aka yi ajiyar zuciya. Alhaji ya ce, "Madalla da 'yar halak." Kawu ya tashi zai ɗora shayi.

Ni kuwa makonni ina neman abin da zan rama da shi, ga shi yau ya zo a kan lokaci, a gaban mutane, kuma da hujja. Na buɗe littafina.

"Baba Tsoho, yau na kama ka."

Ya juyo. Na ga ya ɗan girgiza kai, na ɗauka cikin wasan ne.

"Allo na ɗari da sha ɗaya bai ce haka ba. Cewa ya yi kogin bai dawo da ita ba. Nutsewa ta yi. A littafin ma haka ne, babi na ƙarshe."

Har 'yar dariya na yi, ina jiran a taya ni. Babu wanda ya taya. Ƙarar na'urar sanyaya ɗaki kawai ake ji. Sai a lokacin na waiga kusurwar ƙofa.

Isuhu ya miƙe a hankali, ya kakkaɓe rigarsa.

"Kawu, bari in kama bas. Da nisa."

"Haba Isuhu, ga shayi na ɗora."

"Wata rana."

Ya durƙusa ya yi wa Baba Tsoho sallama, ya fita. Muka ji saukarsa har ƙasa. Sauran ma ba su daɗe ba.

Kawu ya yi ta wanke kwanuka da ƙarfi, aikin da nawa ne. Baba Tsoho ya zauna a bakin gado ya kira ni.

"Ka san labarin matarsa?"

"Na sani."

"Ka san ƙarshen fim ɗin tun jiya?"

"Na sani."

Ya ɗago ya dube ni.

"Da zagina ka yi, da goro zan ba ka. Ka ce min tsohon banza, ka ce ka ƙwace min mata, duk naka ne. Amma ba a kawo takarda wurin wasa." Ya shafa idonsa. "Yaron nan ba shi da inda yake zuwa sai gidan nan. Gobe ka je ka dawo min da shi."

Ban taɓa zuwa Muhaisnah ba sai ranar. Dogayen gidaje iri ɗaya, kayan aiki a shanye a kowane ƙarfe, takalman aiki jere a bakin ƙofofi. Na yi ta nuna lambar ɗakin da Kawu ya rubuta min har wani Ba'indiye ya raka ni. Su takwas ne a ɗakin, gado kan gado. Isuhu na zaune a na ƙasa yana goge takalminsa, sai yamma zai fita aiki. A hanya na rubuta ban haƙuri na haddace, ina ganinsa ya gudu daga kaina.

"Ɗan makaranta, kai ne? Wa ya nuna maka hanya?"

"Na zo in ba ka haƙuri."

"Haƙurin me? Ai abin da aka rubuta ka karanta."

Ya matsa min na zauna, kaina na taɓa gadon sama. Ya jona buta, ya wanke kofi ɗaya ya zuba min, shi bai sha ba.

"Tun da yarinyar fim ɗin ta kwance igiyar nan na san ba za ta kai ba," ya ce. "Na san ruwa. Amma tsohon na magana, sai na bar shi ya haye da ita. Na ɗan ji daɗi, wallahi. Na ga har wutar da aka hura mata."

Ya ci gaba da goge takalmin, wuri ɗaya yake ta gogewa.

"A littafin naku, an same ta daga baya? An yi mata sutura?"

A littafin ba a same ta ba. Marubucin ya ɓata shafi biyu yana bayyana yadda aka yi ta nema aka gaji. Na tuna tsohon da jaridarsa, na ce bari in gwada.

"An same ta. Masunta ne suka same ta, a ƙauyen gaba. Suka, suka binne ta."

Ƙasa nake kallo.

"Kai ba ka iya ba," ya ce, ba da faɗa ba. "Sha shayinka."

Da zan tafi ya raka ni har bakin titi. Na ce Baba Tsoho na jiransa ranar Juma'a. Ya ce in gaishe shi, ya ce in Allah ya yarda.

Na dawo na faɗa wa tsohon yadda muka yi, ban rage komai ba, har ƙaryar da na yi.

"Ya ce in Allah ya yarda?"

"Haka ya ce."

"Da wace murya?"

Na tuna kowace kalma da aka faɗa a ɗakin nan, zan iya rubuta su a jere. Muryar ce ban riƙe ba.

A cikin makon aka yi wa Baba Tsoho ɗaya idon. Ranar Juma'a ya sa aka ajiye masa kujera tana fuskantar ƙofa, ya sa Kawu ya zuba wa Isuhu abinci a kwano daban, ya ɗora tsoka biyu, ya rufe. Mutane suka zo, aka ci, hirar ba ta yi armashi ba, babu wanda ya kalli inda talabijin yake. Duk takun da aka ji a matakala sai tsohon ya ɗaga kai, takun ya wuce hawa na uku, ya mayar. Alhaji ya gwada kiran wayar Isuhu sau biyu, tana shiga ba a ɗauka. Aka sha shayi, aka sake ɗora wani. Har masallacin bakin ruwa ya kira la'asar kwanon na nan a gefen ƙafarsa.

Sai ya kira ni da sunana na yanka, abin da bai taɓa yi ba. Ya tura min kwanon da ƙafar sandarsa.

"Ɗauki ka ci. Ba a zubar da abinci."

Na riga na ƙoshi. Na zauna a gaban kowa na buɗe, man miyar ya daskare a kan shinkafar, na yi bisimilla. Babu wanda ya tashi yin alwala sai da na cinye, har tsokar biyu.

Isuhu bai sake hawa matakalar nan ba. Baba Tsoho ya koma gida da idanu biyu garau, ya yi shekara biyu ya rasu, bai sake tsokanata ba. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.